Tsakar gidanmu ta koma taɓo: kankare za mu zuba ko intalok?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu sani a ba ni shawara. Damina uku ke nan muna fama da tsakar gidanmu a nan Kano. Ƙasa ce zalla, da an yi ruwa sai ta koma taɓo, yara su kwaso shi har kan gado, ruwan kuma ya kwana biyu kwance a bakin ƙofar kicin kafin ya tsotse. Bana maigida ya ce a yi aikin kafin ruwa ya sauka, ya kuma bar mini zaɓi tunda ni ke wuni a ciki. Mun auna, tsawo mita 8, faɗi mita 6. Akwai mangwaro a kusurwar gabas, kuma mota ba ta shigowa. Birkilan da muka kira ya ce buhu 15 na siminti ya ishe shi ya daɓe ta duka a wuni ɗaya. Maƙwabciyata kuma ta ce kada in kuskura, intalok zan sa, wato ƙananan duwatsun siminti da ake jerawa. Kaina ya ɗaure. Kuɗin nan tara su muka yi a hankali, ba na son aikin da za a sake.

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, bi maganar maƙwabciyarki. Ni intalok na sa shekara biyar da suka wuce. Bara bututun ruwan da ya bi ta ƙarƙashi ya fashe, muka ɗaga guda talatin da wani abu, mai famfo ya yi gyaransa, muka mayar da su kamar ba a taɓa ba. Da kankare ne sai an kawo guduma an farfasa, kuma facin ba ya taɓa zama daidai da na asali. Tunda mota ba ta shiga, mai kaurin santimita 6 ya ishe ki. Mai 8 na wurin mota ne.

Ummu Hafsa: Abban Sadik, kai harabar waje kake magana, ita kuwa tsakar gida take nufi, inda ake wanki da wanke-wanke da shanya. Ni gidan da muke haya intalok ne a ciki, kuma na san abin da nake gani. Ruwan wanke-wanke yana shiga tsakanin duwatsun ya zauna, wari ya tashi. Da damina ciyawa ta fito ta kowace tsaga, tururuwa kuma su yi ta fito da yashin ƙasa har wasu duwatsun su lotsa. In kika shanya gero ko barkono a kan tabarma iska ta zubar, abin da ya faɗa tsaga ya tafi ke nan. Shara ma sai kin bi da tsinken tsintsiya. Maman Ilham, in dai mace ce mai aikin gida, kankare ya fi miki sauƙi nesa ba kusa ba.

Abban Sadik: To ai a cika tsagar da rairayi duk shekara. Amma na yarda, ban yi tunanin wanke-wanke ba. Batun bututu dai ina nan a kan bakana.

Injiniya na Zariya: Hajiya, kafin a kai ga wanne ya fi, bari mu duba buhu 15 ɗin nan, domin nan matsalar take. Mita 8 sau 6 ya ba da murabba'in mita 48. Daɓen da mutane za su riƙa takawa ana zuba shi da kaurin santimita 10, wato inci 4. Ke nan kankaren da za a kwaɓa ya kai kubik mita 4.8. Haɗin da aka saba yi wa irin wannan aiki shi ne 1:2:4, siminti kashi ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kuma kowane kubik mita na wannan haɗi yana cin kusan buhu shida da rabi na kilo 50. In kika lissafa za ki samu buhu 31 ko kusa da haka.

To ta yaya 15 za ta isa? Hanya biyu ce kawai. Ko dai ya zuba miki inci 2 maimakon 4, ko kuma ya cika yashi ya rage siminti. Na farko zai tsattsage, na biyu zai riƙa zubar da gari duk sanda aka yi shara har tsakuwa ta fito fili. Ki tambaye shi kai tsaye: inci nawa za ka zuba, kuma baro nawa na yashi da na tsakuwa za ka sa wa buhu ɗaya? Amsar da ta dace ita ce baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa. In da kwanon lebura ake awo, kwano huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, tunda buhu ɗaya kwano biyu ne.

Maman Ilham: Innalillahi. Ninki biyu ke nan fa, Injiniya. Yanzu na kira shi, ya ce wai inci 2 yake nufi, kuma haka yake yi wa kowa.

Tsohon Birkila: 'Yata, bari in sa baki, don na shekara fiye da talatin ina riƙe da cokalin gini. Lissafin Injiniya daidai ne, ban da ja a kai. Amma kada ku ɗora wa yaron nan laifin duka. In ya ce buhu 31, mai gida zai ce ɓarawo ne, ya je ya kira wanda zai ce 12. Shi ya sa da yawansu suke faɗin abin da kunne ke son ji don kada aiki ya wuce su. Ku saya kayanku da kanku, ku biya shi ladan hannunsa yadda ya kamata, ku ce ga yadda kuke so. Za ku ga aiki.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, daɓe daga ƙasa yake mutuwa. Ko buhu 50 kika zuba a kan ƙasa mai laushi, sai ya karye. Ƙasar da ta shekara tana shan ruwan wanki da toka da shara ba ta ɗaukar nauyi. A kwashe ta sama a fitar da ita, a tone duk wani saiwa da tsohon rami. In akwai inda aka taɓa haƙa rijiya ko shadda aka cike, ki faɗa wa mai aikin tun yanzu, domin wurin zai ci gaba da zama. Sannan a kawo burji a baza kaɗan-kaɗan, kada shimfiɗa ɗaya ta wuce inci 4 zuwa 6, a yayyafa ruwa, a kirɓa, a ƙara wata. In za ku iya hayar injin dannawa na wuni ɗaya, ya fi. In babu, lebura biyu da madaɓin ƙarfe su wuni a kai. Alamar ya yi shi ne ki taka da dunduniya ki ga ba ta bar sawu ba. Wannan aikin kaɗai kwana biyu ne. Wanda ya ce miki wuni ɗaya zai gama komai, wannan matakin zai tsallake.

Abu Fahad: Baba ya faɗi gaskiya, amma ni abin da ya cuce ni gangara ce. Na zuba nawa da siminti isasshe, ban yi rowa ba. Sai dai ina wurin aiki aka yi, kuma da ido suka daidaita. Ruwan farko da aka yi a watan Yuni, da tsakar dare muka tashi muna kwalfar ruwa daga ɗakin yara, saboda daɓen ya karkata wajen ɗakuna maimakon wajen rariya. Har yau bangon ɗakin yana tsatsafo da farin gishiri, fenti ba ya zama. Na kashe kuɗi sau biyu, na farko wajen zubawa, na biyu wajen fasa gefe guda a yi kwata. Hajiya, ranar da za a ɗaura igiya ki tsaya a wurin, ko maigida ya ɗauki hutu.

Injiniya na Zariya: Allah ya mayar da alheri, Abu Fahad. Ga yadda ake kauce wa hakan. Ana fara awo ne daga rariyar da ruwa ke fita waje, ita ce wuri mafi ƙasa, daga nan a hau. Kowace mita ɗaya a ba ta gangarar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. A tsawon mita 8, tsakanin can ƙarshen da bakin rariya za a samu bambancin santimita 12 zuwa 16. Ba sai an kawo na'ura ba: siririn tiyo mai haske a cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakinsa biyu, inda ruwan ya tsaya a kowane ɓangare daidai yake da ɗayan. A yi alama a bango, a kafa turaku, a ja igiya. Sannan saman daɓen ya kasance ƙasa da daɓen ɗakuna da aƙalla santimita 15. In tsakar gidan ta riga ta yi tudu, haƙa za a yi a rage, kada a ɗora a kai. Ki kuma leƙa waje ki tabbatar kwatar layinku ta fi rariyarku ƙasa, don in ta fi ta tudu ruwan layi ne zai riƙa shigo muku.

Hajiya Kaka: Ni duk na karanta maganganunku, kuma ina da abin faɗa da ba na lissafi ba. Maman Ilham, 'yar nan, kin taɓa kwana a tsakar gidan da aka shafe da siminti bango zuwa bango a watan Afrilu? Rana ta wuni tana dukansa, da dare ya riƙa amayar da zafin. Ki shimfiɗa tabarma ki ji kamar a kan tanda kike. Mu da muka taso, tsakar gida ita ce ɗakin kwananmu duk bazara. Da magariba a yayyafa wa ƙasa ruwa, ƙamshinta ya tashi, wuri ya yi sanyi. Kuma daɓe ba baƙonmu ba ne. Mata ne ke yinsa: a baza tsakuwa da jar ƙasa, a jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa, a taru da madaɓai ana bugawa ana waƙa har ya yi sulɓi ya yi duhu. Ban ce ki koma wancan ba, na san yanzu ba mai wannan juriyar, kuma a fili ruwan sama na cinye shi. Amma kada ki rufe ƙasar gidanki duka. Ina za ki kafa turmi? Ina za ki hura itace ran suna ko ran salla? Mangwaron nan ta ina zai sha ruwa?

Ummu Hafsa: Wallahi Hajiya kin tuna mini. Yayata ta shafe nata duka, da bikin 'yarta aka kafa tukwane a kai, washegari wurin ya ɓaɓɓalle kamar an sassaƙe shi.

Tsohon Birkila: Haka ne, wuta da kankare ba sa shiri, fuskar ce ke fashewa ta tashi. Daka ma haka, yau da gobe sai ya tsaga wurin, ga ƙarar da ke shiga har cikin ɗaki. Hajiya Kaka ta fi mu gaskiya a nan. Bishiya kuma a bar mata fili aƙalla mita ɗaya da rabi ta kowane gefe daga gindinta, a kewaye da bulo. In aka matse ta, ko dai ta ƙi yin kyau, ko saiwarta ta ɗaga daɓen nan da 'yan shekaru. Na sha fasa daɓen da saiwar darbejiya ta ɗaga kamar an sa jak.

Maman Ilham: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Gaskiya a waje muke kwana da zafi, ban kawo wannan a raina ba sam. To in na bar gefen mangwaron duka, wato mita 2 a faɗin gidan, saura mita 6 sau 6 ke nan. Injiniya, nawa zai ci?

Injiniya na Zariya: Murabba'in mita 36, kubik mita 3.6, kusan buhu 24. Ki sayi 25 saboda ɓarna. Kin ga shawarar Hajiya ta rage miki buhu bakwai, ta kuma ba ruwan sama wurin nutsewa. Ina ba da shawara a sa ragar ƙarfe ta BRC a ciki, a ɗora ta kan 'yan duwatsu ta zauna a tsakiyar kaurin. In aka shimfiɗa ta a ƙasa aka zuba kankare a kai, an yi asarar kuɗinta.

Tsohon Birkila: A nan kam, Injiniya, ranka ya daɗe, mun rabu. Wurin da ba mota, ƙasa ta kirɓu, kauri inci 4, me raga za ta yi? Kuɗin ragar a ƙara a kan burji da ruwan ban-ruwa. Na yi daɓe da yawa ba raga suna nan lafiya.

Injiniya na Zariya: Baba, ban ce dole ba ne. Raga ba ta hana tsagewa, abin da take yi shi ne in ya tsage ta riƙe bakin tsagar kada ta buɗe, kada gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. A ƙasa mai kyau za a iya haƙura da ita. Abin da ba za a haƙura da shi ba shi ne yanka layi. Kankare yana ƙanƙancewa in yana bushewa, kuma sai ya tsage ko ana so ko ba a so. Dabarar ita ce a nuna masa inda zai tsage. Mai kaurin santimita 10 ana yanka masa layi duk mita biyu da rabi zuwa uku, zurfin layin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, wato santimita biyu da rabi. A naki, layi ɗaya a tsaye ɗaya a kwance ta tsakiya, ya zama gida huɗu masu mita 3 sau 3. A ja layin tun yana ɗanye. Sannan inda ya haɗu da bango a sa siririn soso ko wani abu mai laushi a tsakani, kada ya manne da ginin.

Tsohon Birkila: Wannan kam na yarda. Mu da katako muke raba shi gida-gida, a zuba wannan a tsallake wancan, washegari a cike sauran.

Na Maiduguri: Ina bin zancen don ni ma ina da niyya. Sai dai wanda ke yankin baƙar laka, irin wadda ke dararrabewa da rani ta kumbura da damina, kamar wasu wurare a nan Borno da Adamawa, kada ya ɗauki maganar rashin raga. Ƙasar nan ɗaga daɓe take yi ta sauke. Mu sai an haƙa da zurfi an canza ƙasar, kuma da yawa intalok suke zaɓa don in ya motsa a sake jerawa.

Abban Sadik: Kun ji ko. Intalok dai bai faɗi ba. Hajiya, ko da kankaren za ki yi, ki sa mai famfo ya duba duk bututun da ke ƙasa kafin a rufe, in da hali a mayar da shi ta jikin bango.

Maman Ilham: In sha Allah, wannan ma na rubuta. Saura tambaya biyu. Wane siminti zan saya? Kuma birkilan ya ce zai barbaɗa busasshen siminti a sama ya goge da cokali ya yi sheƙi kamar tayil. Ni dai abin ya burge ni.

Ummu Hafsa: A'a Maman Ilham, kada ki yarda! Wurin da ruwan sabulu ke zuba kullum? Santsi zai yi, ga yara ga tsofaffi. Surukata a irinsa ta zame da bokiti a hannu, wata uku tana ɗingishi.

Injiniya na Zariya: Ummu Hafsa ta gama magana. Ƙari a kan santsi, wannan ɓawon na sama ba ya daɗewa a rana, yakan yi 'yan tsage-tsage kamar gizo-gizo ya fara ɓarewa. A daidaita da katako, a jira ruwan da ya taso sama ya ƙafe, a murza da cokalin katako, sannan a ja tsintsiya a kai sau ɗaya ta bar siraran layuka masu bin gangara. Shara ba ta wahala a kai, ƙafa kuma tana kamawa.

Siminti kuwa, Dangote ko BUA ko Ashaka, duk wanda ya fi kusa da ke zai yi. A jikin buhu za ki ga 32.5 ko 42.5, na biyun ya fi ƙarfi, amma kowanne ya isa daɓen tsakar gida. Abin dubawa shi ne sabo ne: ki danna buhun, in kin ji dunƙule-dunƙule masu tauri a ciki ya sha danshi, a canza. Yashi ya zama mai kaifi na kogi. Ki zuba shi a kwalba zuwa santimita 10, ki cika da ruwa, ki girgiza, ki ajiye ya kwana. In laka ta kwanta a sama ta kai santimita 1, yashin ya yi datti. Ruwan kwaɓi kuma kusan jarka ɗaya mai lita 25 ga buhu ɗaya, in yashin jiƙaƙƙe ne a rage. Leburori na son tsinkaka shi don ya yi saurin bazuwa, kuma duk ruwan da ya wuce ƙima ƙarfi yake ragewa.

Tsohon Birkila: Saura babba, 'yata, kuma wannan a hannunki yake, don mu mun karɓi kuɗinmu mun tafi. Ban-ruwa. Mutane na zaton siminti bushewa yake yi ya yi ƙarfi. A'a, ruwa yake sha ya yi ƙarfi. In ya bushe da wuri ya tsaya ke nan a inda yake. Yanzu bazara ce, a fara zubi da asuba a gama kafin rana ta take. Da zarar ya kama yadda yatsa ba ya shiga, a yayyafa ruwa a hankali a rufe. Kwana bakwai cur kada fuskarsa ta yi fari. Na san ruwa a Kano saye ake yi wurin 'yan ga-ruwa, to ga sauƙi: a jiƙa shi sosai a lulluɓe da leda, a danne gefuna da bulo, ko a shimfiɗa tsofaffin buhunan algarara a riƙa jiƙa su safe da rana da yamma. A kwana bakwai yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, cikarsa sai kwana 28. Bayan kwana biyu za a iya takawa a hankali, amma kada a ɗora tankin ruwa ko a ja drom a kai sai ya yi wata. Kuma ranar zubi a tsare yara a ɗaki, ɗanyen siminti yana cin fata. Leburorin ma su sa takalmin roba.

Abu Fahad: Da na samu wannan bayanin kafin in yi nawa! Ni da hunturu na zuba, iska na kaɗawa, kafin la'asar fuskar ta yi tsaga-tsaga. Ba wanda ya ce mini a rufe.

Maman Ilham: Jama'a, na dawo da labari bayan mako uku. Na karanta wa maigida duk abin da kuka rubuta, ya kira birkilan suka zauna. Da farko ya ɗan ɓata rai, amma da ya ji mu za mu sayi kaya kuma an ƙara masa kuɗin kwana uku maimakon ɗaya, shi da kansa ya kawo tiyon awo. Da aka kwashe ƙasar sama sai ga tsohon ramin shara kusa da kicin, daidai inda ruwa ke kwanciya. Tifar burji guda ta tafi, kusan rabinta a wannan ramin. Mai famfo ya mayar da bututu ta jikin bango. Ba mu sa raga ba, Injiniya ka yi haƙuri, kuɗin ba su kai ba, amma an yanka layi gida huɗu. Buhu 24 ya ci, ɗayan aka kewaye mangwaro da shi. Na yi ban-ruwa kwana tara da buhuna. Jiya na kwarara bokiti uku daga bakin ɗakina, na bi shi da ido har ya fita ta rariya, sai wani ɗan wuri kamar faɗin faranti kusa da layin tsakiya da ya riƙe ruwa kaɗan.

Injiniya na Zariya: Madalla, Hajiya. In ruwan wurin bai kai kaurin tsabar kuɗi ba kuma yana ƙafewa cikin awa ɗaya, ki bar shi, faci zai fi shi muni. In kin ga siririyar tsaga a cikin layin da aka yanka kada ki tsorata, aikinsa ke nan.

Hajiya Kaka: Gefen ƙasar fa, 'yar nan?

Maman Ilham: Yana nan, Hajiya. An baza masa yashi, turmi ya koma can, kuma can muke shimfiɗa da dare. Ina so in dasa na'ana'a da ɗan zogale a jikin bango, sai dai ban sani ba ko saiwar zogalen za ta taɓa daɓen.

Tsohon Birkila: Ki ja shi mita ɗaya daga bakin daɓen da kuma bango, ki riƙa sare kansa kada ya yi tsawo. Na'ana'a kuwa a tsohon bokiti za ki sa ta, in ba haka ba za ta mamaye wurin turmin.